Allurar Auta

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Inna ma ba ta taɓa ba har ta koma ga Allah. Na san gidaje da yawa ana wannan kunyar, amma tamu ta wuce ta kowa a ƙauyen. Baba ba ya yi min magana kai tsaye. In ina tsaye a gabansa yana son ruwa, sai ya waiwaya ya nemi wani yaro ya ce, "Ce wa waccan ta kawo ruwa." Ni kuma in ce wa yaron, "Ce masa to." A haka na tashi, ban taɓa ɗaukar abin wani abu ba. Wajen kakata na girma, gidan da ke bayan namu, danga ce kawai tsakani. Sai da ta rasu, ina ƙaramar sakandare, na dawo ɗakin Inna.

Tsakanina da Auta akwai maza biyu, duk sun shiga birni neman na kansu, suna kwana a Ungogo. Auta ce ta zama bakina da bakin Baba tun tana koyon magana. Shekararta goma sha ɗaya lokacin da abin da zan faɗa ya faru.

Sai na fara da ciwon Inna, don in ba shi ba babu maganar.

Jini ne ya fara zuwar mata ba a kan lokaci ba. Ta ɗauka irin jinin nan ne da ake koya mana a Islamiyya, wanda ba ya hana salla, sai ta je ta tambayi malama hukuncinsa. Malama ta ba ta amsar abin da ta tambaya: ta wanke, ta yi ƙunzugu, ta yi alwala, ta yi sallarta. Inna ta dawo hankalinta kwance. Ta yi ta wanke tsummokara tana shanyawa a bayan ƙofa inda ba mai gani. Ba za ta gaya min ba, ni 'yar fari ce. Ba za ta gaya wa Auta ba, yarinya ce. Baba kuwa ce masa ta yi bayanta ke ciwo, shi kuma ya yi ta kawo mata jiƙon sanyi daga kasuwa a robar ruwa. Ni wari ne ya gaya min. Ɗaki ɗaya muke kwana.

Da muka kai ta babban asibiti a birni, ni da Gwaggo ne, yayar Baba. Ni aka tura gaban likita saboda na yi makaranta. Ya ce sankara ce a bakin mahaifa, kuma ta riga ta bazu. Ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Muka dawo gida, Gwaggo ta shiga wajen Baba ta ce, "Ciwon ciki ne, sun ce sai addu'a." Ina bakin ƙofa ina ji. Ba wanda zai iya furta wa namiji sunan wannan wurin a jikin matarsa, balle yayarsa, balle ni.

Inna ta daɗe tana mutuwa. Ba ni da wata hanyar faɗarsa. Na wanke ta, na juya ta, na ƙona tsummokara a bayan rumbu. Wanda zai aure ni ya jira, ya gaji, ya ce a ɗaga, aka ɗaga. Ranar da ta cika ban yi kuka ba. Na ɗauko tukwane na wanke don na san baƙi za su cika gidan. Mata suka yi ta cewa yarinyar nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. In na duba cikina ba na samun komai, kamar in ka buɗe randa ka tarar an kwashe ruwan. Gwaggo ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu don ta riƙe mu, tunda ita ma ba ta da kowa.

Da kaka, ana cirar gyaɗa, Auta ta dawo daga firamare ta jefar da jakarta a kan turmi ta ce, "Yaya, an ce za a yi wa 'yan mata allura, kowa ta tambayo a gida."

Na ce, "Ta me?"

Ta ce, "Wai ta hana ciwon daji. Na mata."

Ina tsintar wake a lokacin. Na ci gaba da tsinta har na gama faifan. Sannan na ɗauki hijabina na tafi ƙaramin asibitinmu da ke bakin titin Dawakin Tofa, don ba na son jin magana daga bakin yara.

Malamar asibitin tana zaune a kan benci tana shan rake. Na san ta, ita ta riƙa zuwa tana yi wa Inna allurar rage zafi a ƙarshe. Na tambaye ta wace irin sankara ce allurar ke hanawa. Ta tofar da ɓawon rake ta ce, "Irin ta mamanki."

Ta yi min bayani ba ta ɓoye komai ba. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, ana ɗauka ta wajen kwanciyar aure. Ta ce mutane da yawa suna ɗauke da ita, maza da mata, ba su sani ba, kuma yawanci jiki yana kore ta da kansa. Amma wasu matan tana zama a jikinsu shekara da shekaru sai ta koma sankara. Shi ya sa ake yi wa yara tun ba su yi aure ba, daga shekara tara zuwa goma sha huɗu. Sau ɗaya, a dantse.

Na ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Ke kin wuce shekarun da aka ba mu."

Na ce to. Ban ji komai ba.

Ta ce masu allurar za su zauna a firamare cikin satin nan, daga nan su wuce wata mazaɓar. Bayan haka sai dai a kawo yarinya asibiti, in an dace akwai a firji. Ta ce amma ba sa taɓa yarinya sai da yardar iyaye.

"Uban yana nan ai?"

Na ce yana nan.

"To ki gaya masa mana."

Na yi dariya. Ita ba 'yar garinmu ba ce, aiki ya kawo ta.

Da la'asar Baba yana zaure yana ɗinke bakin buhuna. Na kira Auta muka je, ta zauna kusa da shi, ni na tsaya daga soro ta ciki inda yake ganin gefen zanena kawai.

Na ce, "Auta, ce wa Baba an zo da allura makarantarku, ina so a yi miki."

Ta faɗa masa, duk da ya ji.

Ya ce, "Ce mata, yarinyar ba ta da lafiya ne?"

"Ce masa lafiyarki ƙalau. Riga-kafi ne."

Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Ce mata an ɗiga miki na foliyo har na gaji da ganinsu. An yi na ƙyanda, an yi na sanƙarau, ban taɓa hanawa ba. Wannan kuma na mene ne?"

Auta ta juyo tana kallona tana jiran abin da za ta ɗauka. Na dubi bakinta, akwai sauran man gyaɗa a gefe. Ta yaya zan sa wannan maganar a bakin yarinyar nan ta miƙa wa ubanta?

Na ce, "Ce masa na ciwon mata ne."

Ya ce, "Ce mata maganar mata tana wajen Gwaggo."

Auta ta ce, "Yaya, wai maganar mata…"

Na ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni."

Gwaggo tana madafa tana kaɗa miyar kuka. Ta riga ta ji labarin allurar tun kafin ni, wajen suna a Zakirai. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ba za a yi ba."

Na ce, "Saboda me?"

"An ce tana kashe mahaifa."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane, Gwaggo? Masu rabon fanke a gidan suna?"

"Ke dai Allah ya shirya bakin nan naki. To ki gaya min, me ya sa mata kaɗai? Me ya sa sai ƙanana? Yarinyar da ko ƙirgen dangi ba ta fara ba za a yi mata allurar ciwon matan aure? Ina hankali a nan?"

Na ce, "Da ke muka je asibiti. Da ke muka juya Inna. Kin ga abin da ke fita."

Ta ce, "Ajali ne."

"Ajali ne, na sani. Warin ma ajali ne?"

Ta ajiye maburgi. Gwaggo aurenta uku, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kuma duk ukun a kan haka suka mutu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ranar ita ta faɗa da bakinta. Ta ce, "Ke kin ga mutuwa ɗaya kina ganin kin ga duniya. Ni na san abin da ake yi wa macen da ba ta haihu ba. Uwarki ta mutu da 'ya'ya huɗu a kanta, an yi mata salla sahu-sahu. Ni wa zai tsaya a kaina? In allurar nan ta taɓa yarinyar nan, ke za ki zauna mata a gidan miji?"

Na ce malamar asibiti ta ce ba ta hana haihuwa.

"Ita ta haihu?"

"Uku."

"An yi mata allurar?"

Ba a yi mata ba, tunda ita ma ta wuce shekarun.

Na ce to zan gaya wa Baba da kaina abin da ya kashe Inna, shi ya yanke.

Nan ta juyo gaba ɗaya. Ta rage murya don kada zaure ya ji. "Ki ce masa me? Ai na ji yadda ake ɗaukar ciwon, ba ke kaɗai ke da kunne ba. Ki tsaya gaban ubanki ki ce masa daga shimfiɗarsa ta samo? Mutumin da har yanzu in ya shigo sai ya kalli ƙofar ɗakinta? Ni na san abin da na yi da na ce masa ciwon ciki. Ki bar shi da ciwon cikinsa."

Wannan ta tsaya min. Na ɗauki tulu na tafi rijiya ba don ruwa ya ƙare ba. A hanya na yi ta jujjuya abin. Ban san daga ina Inna ta samo ba. Kafin Baba ta yi wani ɗan gajeren aure tana yarinya, shi ma ya yi nasa kafin ita. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai taɓa sani. Amma na san Baba, zai ɗauka ya ɗora wa kansa ya yi shiru da shi. Na auna wannan, na auna Auta kwance a tabarmar da Inna ta kwanta, wata tana ƙona tsumma a bayan rumbu. Ban ji tausayin kowa ba a cikinsu, gaskiya. Lissafi kawai na yi, irin na makaranta, na ga wanne ya fi nauyi.

Kwanakin suka yi ta tafiya. Auta tana dawowa tana ba ni labarin wadda aka yi wa da wadda ta gudu ta taga. Ta ce wata ta yi kuka tun kafin a buɗe allurar. Ta ce malaminsu ya kawo 'yarsa da kansa an yi mata a gaban kowa. Gwaggo ta ce malamin albashi yake ci.

Ana gobe masu allurar za su tashi, da hantsi, na bi Baba gona.

Gonakinmu a manne suke da juna, ba daji a tsakani. Daga gonar wannan kana jin tarin mai waccan. Iyaka ɗan layin gamba ne ko lalle, wani wurin ma kunya ɗaya ce. In za ka yi maganar da ba ka so a ji, dole ka matso kusa da mutum. Ni kuwa ban taɓa matsawa kusa da Baba ba.

Yana duƙe yana cire gyaɗa yana karkaɗe ƙasa yana kifewa. Na yi sallama. Ya amsa wa gyaɗar. Ya ɗaga kai ya duba bayana ko Auta na biye, ya ga ba kowa. Ya duba hagu ya duba dama. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu can ƙarƙashin ɗorawa yana ɗaure damin gero, sai matan wani gida suna kala daga nesa. Na ga yana auna ko ya kira dattijon. Da gangan na zo lokacin da Auta ke makaranta.

Na durƙusa a kunyar da ke kusa da tasa. Na ce, "Baba, magana zan yi, da kai nake."

Hannunsa ya tsaya a kan tushen gyaɗa.

Na faɗa. Ban yi kwana-kwana ba don ban iya ba. Na ce Inna ba ciwon ciki ne ya kashe ta ba, sankara ce a bakin mahaifa. Na ce ta daɗe tana zubar da jini tana ɓoyewa. Na ce ƙwayar cuta ce ke kawo ta, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, maza da mata, kuma ba mai iya cewa ga inda ta fito. Na ce allurar da aka kawo ita ce ke tare ta, kuma gobe masu yin ta za su tafi. Na ce Gwaggo tana tsoron haihuwa, ni ba zan iya rantse masa da komai ba, abin da malamar asibiti ta gaya min shi na sani, da abin da na gani da idona a ɗakin Inna. Muryata ta fita daidai kamar ina karanta darasi.

Wata akuya ta shigo gonar tana cin harawa, ba wanda ya kore ta.

Can ya ce, yana kallon ƙasa, "Ashe ba ciwon ciki ba ne."

Na ce, "Ba shi ba ne."

"An sani tun a asibiti."

"An sani."

"Jiƙon nan da ake ta kawowa…" Bai ƙarasa ba. Ya fizge wani tushe ya karkaɗe shi fiye da yadda ake karkaɗewa, har 'ya'yan suka zube. "Da an kai ta da wuri fa?"

Da zan iya cewa Allah ne masani, kuma da gaskiya na faɗa. Amma ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce, "Likita ya ce da wataƙila."

Ya gyaɗa kai. Bai tambayi yadda ake ɗaukar ƙwayar ba. Na riga na ce maza da mata, kuma Baba ba yaro ba ne.

Ya ce, "A koma gida."

Na tashi na karkaɗe gwiwata na tafi. Na waiwaya sau ɗaya, na ga ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafa, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana a gona ba.

Ranar bai ci tuwo ba. Auta ta kai masa ta dawo da kwanon yadda yake. Gwaggo ta buɗe ta gani, ta dube ni.

"Kin yi?"

"Na yi."

"Allah ya isa tsakanina da makarantar da ta koya miki wannan."

Na ce amin, don ban san me zan ce ba. Na juye tuwon a ruwa don ɗumame.

Da safe ya fito da kekensa zai tafi gona. Auta tana shara a tsakar gida, ni ina wanke-wanke, Gwaggo tana bakin ɗakinta da carbi. Ya tsaya ya gyara fartanyar da ya ɗaure a bayan keken. Ya gyara ta kuma. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Ce wa waccan ta kai ki."

Ya tura keken ya fita. Gwaggo ta ce da bayansa, "Na dai faɗa." Sannan ta ce da ni, "In ta kai shekara biyar a ɗakin miji ba goyo, ke zan nuna wa mutane. In na mutu kuma ki tuna na faɗa." Ta shige ɗaki ta saki labule. Ta fi wata ba ta ci abin da na dafa ba.

Na bar kwanukan a cikin ruwa na ce wa Auta ta sa hijabi.

A firamare sun ajiye tebur a ƙarƙashin darbejiya, da kula mai ƙanƙara a ciki. Layin ba tsawo, yawanci an yi musu ko an hana su. Malamar asibitin ta gan ni ta ce, "Ya yarda?" Na ce ya yarda. Ta ce, "Kin ga, ai magana ce kawai." Na tura Auta gaban teburin.

Auta ta naɗe hannun riga ta kau da kai ta runtse ido. Kafin ta gama runtsewa an gama. Aka danna mata auduga, aka ba ta kati, aka ce ta zauna a benci kaɗan kafin ta tafi. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, sauƙi ko kuka ko ma haushi. Ina kallon wata yarinya tana cin ɗanwake a leda, ina tunanin kwanukan da na bari.

Malaminsu ya ce waɗanda aka yi wa za su iya tafiya gida. Muka biyo ta cikin gonaki. Auta tana riƙe da dantsenta kamar an sare shi, tana cewa ya yi nauyi, yau ba za ta iya ɗebo ruwa ba. Na ce da ɗaya hannun za ta ɗebo.

Mun kusa gida ta ce, "Yaya."

"Mene ne?"

"Irin ciwon Inna ne, ko?"

Ban san ta sani ba. Na ce, "Shi ne."

Ta ci gaba da tafiya. Sannan ta ce, "To yanzu ba zan mutu ba?"

Na ce, "Za ki mutu mana. Ba da wannan ba dai, in Allah ya so. Ɗaga ƙafa, rana tana yi."